Tambaya da Amsa: Kunne Yana Jin Tsadar Kayan Sauti Kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son haɗa kayan sauti a falona. Mai shago ya nuna mini amfilifaya biyu, ɗaya ta ninka ɗayar kuɗi sau uku, ya ce in haɗa da waya mai bakin zinare da na'urar da ke kunna sauti mai 24-bit. Da ya kunna mai tsadar, wallahi na ji ta fi daɗi. Da gaske ne, ko kuɗina ake hange?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, akwai inda kuɗi ke ƙara daɗin sauti, amma ba a nan da mai shagon ya nuna maka ba.

Daɗin da ka ji ban musa ba, dalilinsa ne abin dubawa. Idan aka kunna na'ura biyu, ɗaya ta ɗara ɗayar ƙara ko da kaɗan ne, kunne ba ya cewa ta fi ƙara, cewa yake ta fi tsabta da cika. Sannan ga ido. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman a Amurka sun sa mutane su ba lasifikoki maki sau biyu, da farko suna kallonsu, sannan an ɓoye su bayan labule. Da ido a buɗe, manya masu sheƙi da tsada suka yi fintinkau. Da aka saki labule, ratar ta tsuke sosai. Ƙwararrun cikinsu ma ba su tsira ba. Saboda haka ka koma shagon da abokinka, a daidaita ƙarar na'urorin biyu, ka juya baya, shi ya riƙa sauyawa ba tare da ya faɗa maka ba. In ka kasa gane wacce ce wacce a kai a kai, ɗauki mai arahar.

Batun 24-bit kuwa, wato ma'aunin ɗaukar sauti da ya ɗara na CD zurfi, faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana ɗaukar sauti sau 44,100 a daƙiƙa, abin da ya isa ya kama amo har kusan 22,000 Hz (ma'aunin siranta ko kaurin amo). Kunnen yaro mai lafiya a 20,000 yake tsayawa, kuma yana ja baya da shekaru. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun gwada masu sauraro sau 554 tsakanin sauti mai babban ma'auni da wanda aka mayar ma'aunin CD. An dace sau 276, wato rabi, daidai da mai canke. A ɗakin naɗar sauti 24-bit na da amfani, don yana ba injiniya sararin gyara. A falonka babu.

Zinaren bakin waya aikinsa ɗaya, hana bakin dafewa. Abin da ya shafe ka shi ne kaurin wayar, da kuma tabbatar da jan ƙarfe ce zalla. Ka kankare silin da wuƙa: in ka ga fari a ciki, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe.

Kada lambar wat ta ruɗe ka. Kwalin da aka rubuta wa 5000W PMPO (ƙarfin ɗan ƙiftawar ido) a kasuwar Sabon Gari ko Alaba talla ce kawai. Lambar RMS, wato ƙarfin da na'urar ke bayarwa a ɗore, za ka nema. Ko ninka wat ɗin gaske, desibel (ma'aunin ƙara) 3 kacal yake ƙarawa, kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai ƙarfin ya kai kusan ninki goma. Amfilifaya mai lafiya da ba a matsa mata har ta fara shaƙewa ba, da wuya ka bambanta ta da mai tsada.

Lasifika ce wurin zuba kuɗi. Ita ke mayar da lantarki motsin iska, kuma a nan ne kuskure ya fi yawa: wata ta kumbura kaurin sauti har murya ta nutse, wata ta riƙa sukar kunne. Wannan ko da ido rufe za ka ji shi. Ka tafi da waƙa ko karatun da ka haddace muryar mai shi, ka saurari ko harufa na fita ɗaya bayan ɗaya.

Bayan lasifika sai ɗakin kansa, wanda mutanenmu suka fi mantawa. Falo mai tayil da bangon siminti tsirara yana mayar da amo ta ko'ina. Tsaya a tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji wani siririn ƙara ya biyo baya, to kafet mai kauri, labule da kujerun kushin za su yi maka abin da amfilifayar miliyan ba za ta yi ba. Ka ɗaga lasifikokin daidai kunnenka a zaune, ka janye su daga lungu, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da wadda ke tsakaninka da kowacce.

Rarar kuɗin da ka samu, ka sayi sitabilaiza mai kyau. Ba ta ƙara daɗin sauti, amma da irin wutarmu da janareto, ita za ta hana kayan ƙonewa.