Tambaya da Amsa: John Wayne, Jarumin Fina-finan Kaboyi

Yawancin wasiƙun da suka iso filinmu na tarihin fim a wannan watan daga Kebbi da Zamfara suka fito, kuma mutum ɗaya suka fi tambaya a kai: John Wayne, dogon Ba'amurken nan mai malafa da dattawanmu suka sha kallo a silima. Ga waɗanda muka zaɓa.

Daga wani dattijo a Ƙaura Namoda: Assalamu alaikum. Tun ina saurayi nake kallon John Wayne. Jikana ya ce wai ba sunansa na yanka ba ne. Haka ne? Kuma ta ina ya shiga fim?

Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Jikanka ya yi gaskiya. Marion Morrison iyayensa suka raɗa masa, an haife shi ranar 26 ga Mayu 1907 a wani ƙaramin gari mai suna Winterset a jihar Iowa, ya tashi a Kalifoniya. Ƙwallon Amurka ce ta samo masa gurbin karatu kyauta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Da ya ji rauni a kafaɗa wajen wasa a teku, ƙwallo ta gagara, tallafin ya yanke, sai ya koma ɗan ɗauko-wancan a kamfanin Fox, yana jigilar kujeru da kayan ado na wurin ɗaukar fim. A nan darakta Raoul Walsh ya hango shi, tsayinsa ƙafa shida da inci huɗu, ya ba shi jagorancin The Big Trail a 1930. Walsh da shugabannin kamfanin ne suka zauna suka zaɓa masa sunan John Wayne, shi ko wurin ba ya nan.

Fim ɗin bai yi kasuwa ba, kuma ba laifinsa ba ne. An ɗauke shi a kan faifai mai faɗin milimita 70, alhali majigin gidajen silima na lokacin na milimita 35 ne. Sauya majigi da allo kuɗi ne mai yawa, ga tattalin arzikin Amurka ya durƙushe tun 1929, don haka gidaje kaɗan ne suka iya nuna shi yadda aka so. Daga nan Wayne ya faɗa ƙananan kamfanoni, ya yi kusan shekara tara yana fina-finan kaboyi masu araha, waɗanda ake gamawa cikin kamar mako guda, tsawon kowanne bai cika sa'a ɗaya ba. Tsakanin 1933 da 1935 kaɗai ya yi goma sha shida wa kamfani ɗaya. A ganinmu waɗannan shekarun ne makarantarsa ta gaskiya. Wurin da babu kuɗin maimaita ɗauka, dole ka iya hawa doki, ka tsaya inda haske yake, ka faɗi maganarka daidai tun karon farko. Sai a 1939 darakta John Ford ya sa shi a fim ɗin Stagecoach, tauraronsa ya haska, yana da shekara 31.

Daga wani mai kiwon dawaki a Argungu: Ni sana'ata kula da dawakin hawan salla. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda doki ke tsakiyar sukuwa a harbe shi ya kifa. Kashe dawakin suke yi, ko dabara ce?

Malam, tambayarka ta wanda ya san darajar doki ce, kuma amsar tana da ɗaci. Hanya biyu aka bi.

Ta farko mugunta ce zalla. Ana ɗaura wa doki wani irin dabaibayi na fata a ƙafafun gaba biyu, a zura siririyar waya mai ƙarfi daga nan ta bi ta wani zobe a ƙarƙashin cikinsa, a ɗaure ɗaya bakin wayar a turken da aka kafa sosai a ƙasa. An riga an auna tsawon wayar don ta ƙare daidai gaban kyamara. Mahayi ya saki linzami, doki ya zura da gudu, waya na ƙarewa sai ta fizge ƙafafun gaba, doki ya kifa da ka. Mahayi ya san inda za a faɗi, ya shirya. Doki bai sani ba. Da yawa sun karye a wuya ko a ƙafa, aka harbe su a wurin. Wanda ya tsira ma yakan ƙi sukuwa daga ranar. Wajen ɗaukar fim ɗin Jesse James, wanda ya fito a 1939, aka tunkuɗa doki daga kan tsauni zuwa cikin ruwa ya mutu, jama'a suka yi ca, daga 1940 aka ba ƙungiyar kare dabbobi ta Amurka damar sa ido a wuraren ɗaukar fim, aka hana wayar. Hanin ya yi sako-sako bayan 1966, har aka sake ganin ta a wasu fina-finai, musamman waɗanda aka ɗauka a wajen Amurka.

Hanya ta biyu horo ne, kuma ita ce za ta burge ka. Ana zaɓen doki mai sanyin hali. Da farko a tsaye ake koya masa: a naɗe ƙafarsa ta gaba ta hagu a ɗaure, a ja linzami a hankali a karkato kansa dama, har ya rasa madogara ya kwanta ta gefen hagu a kan ƙasa mai laushi. A saka masa da abin da yake so, a maimaita kullum. In ya gane cewa wannan jan linzamin na nufin kwanta, sai a daina ɗaure ƙafar, a gwada yana tafiya, sannan yana sassarfa, daga ƙarshe yana sukuwa. Aikin watanni ne. Ranar ɗauka kuma sai an haƙe wurin faɗuwar, an tsince duwatsu, an cika shi da yashi ko ɗusar katako, an rufe da ƙasa don kada ya nuna. Likkafar gefen da za a faɗi ta roba ake sawa ko a cire ta, domin ta ƙarfe tana iya karya haƙarƙarin doki ko ta riƙe ƙafar mahayi a ƙarƙashinsa. Inda ake samun matsala: mahayi ya makara wajen zare ƙafarsa, ko doki ya haddace wurin ya fara rage gudu tun bai iso ba, shi ya sa ba a yawan maimaitawa a wuri ɗaya.

Kana iya bambance su da idonka. In kan doki ya karkata gefe kafin ya faɗi, kuma ya faɗi ta gefe, horo ne. In ya kifa gaba ya tuntsura kansa a miƙe, waya ce. Faɗuwa irin wannan ba Wayne ke yi da kansa ba. Akwai masu shiga madadinsa a wuraren haɗari, irin su Yakima Canutt a farkon zamaninsa, sai Chuck Roberson wanda ya yi masa wannan aikin kusan shekara talatin.

Daga wani matashi a Talata Mafara: Ina sha'awar dambe. Naushin da suke yi da harsashin da suke harbawa na gaske ne?

Ɗan'uwa, da na gaske ne da ba a gama fim ko ɗaya ba. A farkon zamanin fim, 'yan wasa kan naushi juna a kafaɗa ko su yi ta kokawa, abin bai yi kama da faɗa ba. Wayne da Canutt na cikin waɗanda suka gyara tsarin da ake bi har yau. Ana ajiye kyamara a bayan ɗaya daga cikin mutanen biyu, ta yadda hannun mai naushi zai gifta tsakanin kyamara da fuskar abokin faɗansa, ko ya wuce ta bayanta. Kyamara ido ɗaya gare ta, ba ta auna zurfi, don haka tazarar inci biyar ko shida ba ta nunawa. Mai naushi ya buɗe hannu sosai don ɗan kallo ya ga tahowarsa, wanda ya sha naushin kuma ya fizge kansa daidai lokacin da hannun ya gifta. Ƙarar daga baya ake sa ta. Rabin aikin yana wuyan wanda aka doka: in ya riga hannun motsawa ko ya makara, asiri ya tonu. Haka in kyamara ta koma gefe, tazarar za ta fito fili. Kujerar da ake rotsa wa mutum a baya da wani katako marar nauyi ake yin ta, an ɗan tsattsaga ta tun kafin a fara, kwalba da gilashin taga kuwa, a wancan zamani, da narkakken sukari.

Harsashin kwanso ne da albarushi, babu dalma, an toshe bakinsa da takarda ko an matse shi. Yana ba da ƙara da hayaƙi. Ƙurar da kake gani tana tashi a jikin bango ƙaramin abin fashewa ne da aka binne, wani na gefe yana tayar da shi da wayar lantarki. Kada ka ɗauka harsashi marar dalma ba ya kisa. Iskar da ke fita daga bakin bindiga tana iya fasa ƙashi in an matso kusa, kuma duk abin da ya maƙale a cikin bututun zai fita kamar harsashi. Haka Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, ya rasu a 1993: kan wani harsashi ya maƙale a bututu ba a duba ba, aka ɗura marar dalma a bayansa. Ƙa'idar ita ce a leƙa bututu kafin kowace ɗauka, kuma kada a saita mutum kai tsaye, a ɗan kauce.

Daga wata malamar makaranta a Yawuri: Na ga wani fim ɗinsa mai suna Hatari. Hausa ce?

Malama, Suwahili ne, amma ba ki yi nisa ba. Kalmarsu da tamu haɗari duk daga Larabci suka samo asali, ma'anarsu ɗaya. An ɗauki fim ɗin a kusa da Arusha, a Tanganyika, Tanzaniya ta yau, ya fito a 1962, kan masu kama namun daji da rai don gidajen ajiye dabbobi.

Daga wani tsohon soja a Zuru: Ya sha fitowa a soja. Ya taɓa zuwa fagen daga?

Yallaɓai, bai taɓa ba. Lokacin da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a Disamba 1941, shekarunsa 34, yana da 'ya'ya huɗu, aka ɗage masa shiga soja saboda iyali, kamfanin fim na Republic da yake wa aiki kuma ya yi ta neman a bar masa shi. Abokan sana'arsa irin su James Stewart da Henry Fonda da Clark Gable sun sa kaki. Shi iyakarsa ziyarar ƙarfafa gwiwar sojoji a yankin tekun Fasifik. Tunda ka taɓo halinsa, wajibi ne mu ƙara wannan: a wata hira da ya yi da wata mujalla a 1971, ya ce yana goyon bayan fifikon farar fata har sai baƙaƙe sun yi ilimin da za a ba su ragama, ya kuma ce bai ga laifin ƙwace ƙasa daga 'yan asalin Amurka ba. Wannan magana mummuna ce, kuma mu da muke baƙar fata ya kamata mu san ta. Muna yaba gwanintarsa a sana'a, ba ma wanke shi daga wannan.

Daga wani ma'aikacin lafiya a Gusau: Na ji an ce gwajin bam ɗin nukiliya ne ya jawo masa ciwon daji. Mene ne gaskiyar lamarin?

Malam, ga abin da ya tabbata. A 1954 aka ɗauki fim ɗin The Conqueror, inda ya fito a Genghis Khan, sarkin yaƙin Mongoliya, kusa da garin St. George a jihar Utah. Wurin yana da nisan kimanin kilomita 220 daga filin gwajin makaman nukiliya na Nevada, ta ɓangaren da iska ke kaɗawa, kuma a 1953 an tayar da bama-bamai goma sha ɗaya a can. Sun yi makonni suna sukuwa cikin ƙura, har aka kwashi tan 60 na ƙasar wurin aka kai Holiwud don ƙarasa aiki. A 1980 wata mujalla ta ƙirga cewa cikin mutum 220 da suka yi aikin, 91 sun kamu da ciwon daji, 46 sun mutu. Daraktan, Dick Powell, da jarumar, Susan Hayward, duk ciwon ne ajalinsu.

Sai dai kai ma'aikacin lafiya ne, ka san ƙirga kaɗai ba ta nuna sanadi. Kusan mutum huɗu cikin goma a Amurka kan gamu da wannan ciwo a tsawon rayuwarsu, kuma mutanen fim na wancan zamani mashaya taba ne na gaske. Shi ya sa masana suka rabu biyu a kan batun. Wayne kansa taba ya ɗora wa laifi, don ya yi shekaru yana shan kwali biyar zuwa shida a rana. A 1964 aka gano ciwon a huhunsa na hagu, aka cire huhun. Ya fito ya faɗa wa duniya, a lokacin da taurari ke ɓoye irin wannan, ya yi kira ga mutane su je a duba su da wuri.

Da huhu ɗaya ya ci gaba da aiki shekara goma sha biyu, wani lokaci da tukunyar iskar numfashi a gefe in ana ɗauka a kan tsaunuka. A cikin wannan halin ya yi True Grit a 1969, wanda ya ba shi kyautar Oscar ɗaya tilo da ya samu. Fim ɗinsa na ƙarshe, The Shootist na 1976, labarin tsohon ɗan bindiga ne da ciwon daji ke ci. A Janairu 1979 likitoci suka tarar da ciwon a tumbinsa, suka cire tumbin gaba ɗaya. Ya rasu a Los Angeles ranar 11 ga Yuni 1979, yana da shekara 72, ya bar 'ya'ya bakwai.