Madabod mai tsada ba ya hana kwamfuta ƙonewa

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. A unguwar Nima ta Accra nake zaune, kuma na daɗe ina tara kuɗi don in haɗa kwamfutar gem. Yayana da ke Amurka ya aiko min da firosesa Ryzen 7 9800X3D, na kuma sayi katin girafik RTX 4070 Super. Saura madabod da fawa saflai. Wani mai shago a Circle ya ce min in ban ɗauki madabod mai tsada na X870E ba, duk ranar da wuta ta yi sama da ƙasa firosesan zai ƙone, wai ƙananan bod ba sa jure wutar Ghana. In na saye shi, canjin da zai rage sai dai fawa mai araha, UPS kuwa, wato na'urar batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, babu zancensa. Wallahi hankalina a tashe yake. In firosesan nan ya ƙone ban san da wane ido zan kalli yayana ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Kwantar da hankalinka, ka mayar da kuɗin aljihu tukuna.

Firosesanka na soket AM5 ne, wanda AMD ta fito da shi a 2022 ta kuma yi alkawarin ci gaba da shi har 2027 ko fiye. B650, B650E, B850, X670E, X870 da X870E duk suna ɗaukarsa, kuma FPS, wato yawan hotunan da gem ke nunawa a daƙiƙa, kusan ɗaya za ka samu a kan kowanne, saboda layuka 16 na katin girafik daga cikin firosesa suke fitowa kai tsaye, haka ma mai kula da RAM a cikinsa yake. Abin da X870E ke ƙara maka shi ne yawan ramukan M.2 da ake sa ma'ajiyar SSD, yawan USB, da USB4 mai gudun gigabit 40. Mai tace bidiyo da ke buƙatar SSD huɗu, kuɗinsa ya yi masa amfani. Kai da SSD ɗaya ko biyu, ramukan za su zauna ne suna shan ƙurar hunturu. Wasu manyan bod ɗin ma in ka cika ramin M.2 na biyu sai su rage layukan katin girafik daga 16 zuwa 8, to ka ga tsada ba ta raba ka da karanta littafin bod ba.

Yanzu ga maganar da ta fi ci min tuwo a ƙwarya, wadda nake ji kullum a bakin masu kawo gyara: wai babban bod yana jure wuta. Ƙarya ce, kuma ƙarya mai cin dukiya.

Madabod bai taɓa ganin wutar ECG, kamfanin lantarkin Ghana, ba. Wutar bango bolt 230 ce, kuma fawa saflai ce ke karɓarta ta mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3. Daga bolt 12 ɗin nan ne sashen bod mai rage ƙarfin wuta, wato VRM, ke saukowa zuwa bolt ɗaya da 'yan kai da firosesa ke sha. Saboda haka idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita da ƙarfi, wanda ke gaba-gaba da ita fawa ce. In mai kyau ce, tana da kariyar da ke kashe ta nan take idan wuta ta haura ko wani abu ya haɗu, wani lokaci ta mutu ita kaɗai ta bar sauran kaya lafiya. In ta banza ce sai ta tura abin da ta samu cikin bod, da katin girafik, da SSD, babu ruwanta da nawa ka saye su. Kwanon zinariya ba ya gyara miyar da ta lalace tun daga tukunya.

Mai shagon zai nuna maka kwali, ya ce duba, an rubuta akwai kariya. Eh, akwai 'yan ƙananan abubuwa a bakin USB da ramin wayar intanet, amma don tartsatsin da ke tashi daga jikin mutum ko jikin waya aka sa su, kuma bod masu matsakaicin kuɗi ma suna da irinsu. Zai kuma ƙirga maka layukan VRM, goma sha takwas, ashirin, kamar mai ƙirga shanu. Firosesanka wat 120 aka rubuta masa, kuma a cikin gem sau da yawa ba ya kai wat 100. B650 ko B850 mai ƙarfen sanyaya VRM na kirki zai ɗauke shi ko gumi bai yi ba. Waɗancan layukan an yi su ne don masu matsa wa firosesa mai ƙwaƙwalwa 16 lamba dare da rana.

Abin da ya faru a 2023 ya isa misali. A watan Afrilun shekarar aka fara ganin firosesa Ryzen 7000X3D suna kumbura suna ƙona soket, har a kan manyan bod na X670E. Dalili shi ne bod ɗin suna ba wani sashe na firosesan wutar da ta wuce kima, sai da AMD ta ƙayyade ta a bolt 1.3 ta hanyar sabon BIOS, wato manhajar da ke cikin bod ɗin kansa. A 2024 kuma Intel ta sha nata da firosesa na zubi na 13 da na 14, shi ma yawan wuta ne, ta fitar da gyara ta ƙara garanti na shekara biyu. Waɗanda suka kashe dala 500 ko fiye a kan bod ba su tsira don tsada ba. Sabunta BIOS ne ya raba gardama.

Ina ganin irin kwamfutocin nan a kan teburina. Ka buɗe kes, fitilu kala-kala, bod mai sunan da ake ji da shi, ka leƙa ƙasa ka tarar da fawa wadda ko sunan kamfani babu, an manna mata takardar wat 850. Ka ɗaga ta da hannu ɗaya, ba nauyi, wayoyinta sirara, ka kai hanci ka ji ƙaurin roba. Wata ma tsohuwar Amurka ce mai ɗan jan makunni a baya na 115 da 230, wadda in an jona ta a kan 115 a nan ƙara ɗaya za ta yi, shi ke nan. Mai ita kuma ya tsaya yana zagin ECG. To, dumsor, wato yawan ɗauke wuta da dawo da ita, gaskiya ne, babu wanda ya zauna a Accra a 2015 da zai musa. Amma wutar da ta shiga gidanka ita ta shiga gidan maƙwabcinka, tasa kwamfutar na nan tana aiki.

Ga yadda za ka raba kuɗin. Ɗauki B650 ko B850 na ASUS, MSI, Gigabyte ko ASRock, mai Wi-Fi in kana buƙata. Rarar ka sa a fawa ta sanannen kamfani kamar Seasonic ko Corsair, sabuwa a kwalinta. Nvidia, mai katinka, fawa mai wat 650 ta ce a sa masa, don haka 750 ta wadatar, kuma ka nemi mai ATX 3.0 ko 3.1 don ta zo da wayar katin ba sai ka yi jone-jone ba. Kada tambarin 80 Plus ya ruɗe ka, shi tattalin wuta yake aunawa, bai ce komai a kan kariya ba. Sannan UPS, wanda ke daidaita wuta da kansa kuma yake fitar da ita sumul irin ta bango, domin fawa na zamani wasu ba sa shiri da masu araha. Lura VA da ake rubutawa a jikin UPS ba wat ba ne: 1500VA yawanci wajen wat 900 ne. Kuma kada ka ce yayanka ya aiko da shi, na Amurka bolt 120 ne.

Sai wayar ƙasa. A gidajen haya da yawa na Nima da Maamobi soket ɗin ramuka uku ne amma na ukun babu abin da aka jona masa. In ka taɓa bayan kes ka ji yana ɗan jan ka, alamar ke nan. Kira mai gyaran wuta mai lasisi ya duba. Duk wanda ya ce ka karya ƙafa ta uku ta filogi ko ka tura waya tsirara da tsinken ashana, kore shi. Haka wayar intanet da ake ratayowa daga wani gida ta saman kwano: a damina, lokacin tsawar Mayu da Yuni, ta nan ake rasa bod, komai tsadarsa. Hadari ya haɗu, zare ta.

Ku kuma 'yan'uwana masu shago, ku ji tsoron Allah. Yaro ya yi ta tara sidi a kan sidi, ya zo da amana yana neman shawara, sai ka tsorata shi don ka rabu da kayan da ya kwana maka a kanta. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. In ka sani ka ɓoye, wannan ribar algus ce, kuma za a tambaye ka.

Ranar saye, ƙanina, kada ka biya sai an buɗe kwali a gabanka. Allurai 1,718 na AM5 a cikin soket ɗin bod suke, ba a jikin firosesa ba. Ɗaga murfin, haska da fitilar waya ta gefe, in ka ga wuri ɗaya yana ƙyalli dabam da sauran to akwai wadda ta lanƙwashe, ajiye musu kayansu, domin garanti ba kasafai yake karɓar wannan ba. Karɓi rasit mai lambar bod ɗin. RAM sanda biyu ka saya, DDR5-6000, ka sa a rami na biyu da na huɗu ka kunna EXPO a cikin BIOS don ya yi cikakken gudunsa. Sanda huɗu rage gudu suke yi. Ka tabbata akwai maɓallin sabunta BIOS a bayan bod, domin B650 da ya daɗe a shago mai yiwuwa bai san 9800X3D ba sai an sabunta shi da filas, kuma wannan maɓallin yana yi ko babu firosesa a kai. Sai ka jona UPS ya cika caji kafin ka danna maɓallin.