Kamfanina bai fara aiki ba, dole ne sai na ɗauki akanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan da na yi wa kamfani rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, da niyyar neman kwangila, amma har yau ko sisi bai shigo ba. Wani akanta ya yanka mini kuɗin da ya fi ƙarfina, wani kuma ya ce in sha kurumina, kamfanin da ba ya aiki ba a binsa komai. Hankalina ya ƙi kwanciya. Ina zan samu mai yi mini aikin da sauƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, gara da hankalinka bai kwanta ba, domin wanda ya ce ba a binka komai ya fi mai tsadar cutar da kai. Wannan magana kullum sai mun ji ta, kuma ita ke jefa mutane cikin tara. A idon doka, kamfani yana nan da ransa tun ranar da aka ba shi lambar RC, wato lambar rajistarsa, ko ya sayar da allura ko bai sayar ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta masa shigar da rahoton shekara-shekara a CAC. Duk shekarar da aka tsallake da tararta, kuma taruwa take yi. Je ka shafin bincike na CAC ka rubuta sunan kamfaninka. Akwai yiwuwar ka tarar an nuna shi a matsayin wanda ba ya aiki. Ranar da kwangilar da kake jira ta faɗo, nan za a fara dubawa, sai ka ga mutum yana zarya da takardu a hannu kwana biyu kafin a rufe karɓa. Kamfanin da ya shekara 10 a jere bai shigar ba kuwa, hukumar tana da ikon soke sunansa.

Haraji ma haka abin yake. Rashin riba yana nufin ba za ka biya harajin riba ba, amma bai ɗauke maka shigar da bayani ba. A da, tarar makara naira 25,000 ce a watan farko, sannan 5,000 kowane wata. Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta mayar da ita 100,000 da 50,000. Abin takaici, masu yaɗa maganar cewa ba a bin kamfanin komai galibi 'yan kanzagi ne da ke zaune a shagunan kwamfuta: su yi maka rajista, su karɓi nasu, su bar ka da takardar shaida a cikin firem ba tare da sun faɗa maka abin da ke gaba ba.

Shi ma mai tsadar, ka koma ka tambaye shi me zai yi. Sashe na 402 na dokar kamfanoni ya yafe wa kamfanin da bai taɓa kasuwanci ba tun kafuwarsa binciken odita, wato mai tantance lissafin kuɗi. Abin da kake buƙata taƙaitaccen bayanin halin da kamfani yake ciki ne: jarin hannun jari, kuɗin da ka kashe wajen rajista, da abin da ke asusu. Aikin shafi kaɗan ne. In kuwa ka taɓa barin wani ya turo kuɗin cinikinsa ta asusun kamfanin, faɗa wa akanta gaskiya tun farko, domin takardar banki za ta tona, kuma lissafin ya canza.

Nemi ƙaramin ofishi ko akanta mai zaman kansa, ka tabbatar ɗan ICAN ne ko ANAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ka karɓi lambarsa ta zama mamba. Tambayi mutum uku farashi. Kowa ya rubuta maka kuɗin hukuma daban, tara daban, ladansa daban, kuma ku yi jinga ta shekara maimakon biyan wata-wata, tunda babu cinikin da zai riƙa rubutawa. Kuɗin hukuma ka biya ta Remita, manhajar biyan kuɗin gwamnati, ka adana rasit. Imel da lambar wayar da ke kan rajistar su zama naka, kada ka bar su a hannun wakili. Bayan an gama, sake duba shafin CAC da idonka.

Idan kuma ka san ba za ka yi amfani da kamfanin ba, dokar kamfanoni ta yarda kamfanin da bai fara aiki ba, kuma ba a binsa bashi, ya nemi a soke sunansa, bayan masu hannun jari sun zartar da ƙuduri an buga sanarwa a jaridu.