Filin Tambaya da Amsa: Inji na zafi a baya, direba na jin sanyi a gaba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da tsohuwar Volkswagen Kombi ƙirar 1971, irin wadda kamfanin Westfalia ya mayar motar tafi-da-gidanka, da gado da ɗan wurin girki a ciki. Injinta 1600 ne, mai sanyaya kansa da iska, kuma lafiyarsa lau. Damuwata lokacin sanyi ce: ko na ja libar hita har ƙarshe, ɗan huci ne kawai ke fitowa a gaba, ƙafafuna su sandare, gilashi kuma ya yi raɓa har sai na riƙa gogewa da tsumma. Wani ya ce in sayi ƙaramar hita ta lantarki, wani ya ce ta dizal, wani kuma ya ce haka motar take tun daga masana'anta. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mutum na uku ya fi kusa da gaskiya, amma rabinta ya faɗa. Kombi ba ta taɓa yin suna wajen ɗumi ba, sai dai wadda kayanta suke cikakku tana iya ɗumama ƙafar direba ta kuma wanke gilashi idan ana kan tafiya. Abin da ka bayyana alama ce ta tsarin da shekaru fiye da 50 suka ci, saboda haka shawarata ita ce kada ka sayi komai tukuna sai ka bi hanyar iskar daga baya zuwa gaba ka ga inda take ɓacewa.

Motar da ke da lagireto tana ɗaukar ruwan zafi ta kai shi ƙarƙashin dashbod, fankar lantarki ta hura iska a kansa. Taka ba ta da ruwa, don haka daga salansa take ɗebo zafi. A kowane gefen injin akwai akwatin ƙarfe da ya lulluɓe bututun hayaƙi, shi ne akwatin zafi. Babbar fankar da fanbel ke juyawa don sanyaya silinda ita ce ke ba da wani kaso na iskarta, ta bi ta tiyo biyu zuwa cikin akwatunan, ta shafi jikin bututun hayaƙi ta ɗauki zafi, sannan ta wuce wasu ƴan ƙofofi da waya ke buɗewa daga libar da ke gabanka, ta shiga dogon bututu a ƙarƙashin mota. Motar ta haura mita 4 a tsawo, injin yana can ƙarshe, kai kuma kana zaune a kan tayoyin gaba. Daga nan za ka gane abu biyu: ƙarfin iskar ya dogara da gudun inji, zafinta kuma ya dogara da nauyin aikin da injin ke yi. Shi ya sa a kan hawa ake samun ɗumi, a gangara ko a cunkoso kuma abin ya mutu.

Kafin maganar ɗumi akwai maganar rai. Tsakanin hayaƙin inji da iskar da kake shaƙa babu komai sai kaurin bututun da ke cikin akwatin zafi. Idan tsatsa ta huda shi, ko gaskit ɗin mahaɗar salansa ya ƙone, iskar kabon monoksaid za ta biyo iskar hita har cikin mota, ita kuwa ba ta da launi, ba ta da wari. Ciwon kai, jiri da barcin da ba ka san dalilinsa ba bayan ka buɗe hita su ne alamunta. Ka sayi na'urar gano wannan iska mai batir ka maƙala a ciki tun kafin ka fara gyara, domin duk abin da zai ƙara yawan iskar da ke isowa gaba zai ƙara yawan gubar idan akwai ɓaraka. Akwatin da bututunsa na ciki ya huje sauya shi ake yi. Ban yarda da a kai shi walda ba. Warin mai da ya ƙone kuwa yawanci daga gaskit ɗin murfin bawul yake, yana ɗiga a kan akwatin, kuma wannan ƙaramin gyara ne.

Yanzu sai ka shiga ƙarƙashin motar tare da bakanike, wani yana gaba yana jan liba kuna kallo. Abu na farko da za ku tabbatar shi ne ko akwatunan zafin suna nan ma, domin masu gyara da yawa suna cire su su sa zallar bututu a gurbinsu, mai mota ya yi ta jan liba babu abin da take buɗewa. Idan suna nan, ku duba ko ƙofofin suna buɗewa har ƙarshe. Wayoyin nan suna miƙewa, suna tsatsa a cikin hanyarsu, wani lokaci ɗaya ta tsinke, sai a wayi gari akwati guda ne kawai ke aiki. Daidaita wayar da ɗan nocin da ke riƙe ta aikin mintoci ne, amma sau da yawa shi ne ke dawo da kaso mai tsoka na ɗumin.

Ingancin akwatin shi kansa abin dubawa ne. Na asali yana da fukafukan alminiyam masu kauri da aka zuba a jikin bututun don su faɗaɗa wurin da iska ke shafa, shi ya sa yake da nauyi a hannu. Da yawa daga cikin masu araha da ake sayarwa yanzu fukafukansu kaɗan ne, wasu ma kusan babu, kuma daga waje ba za ka bambance su ba sai ka ɗaga ka ji nauyi. A ganina tsohon akwati na asali wanda bututunsa bai huje ba ya fi sabo mara nauyi daraja, ko da fatarsa ta waje tana buƙatar faci.

Daga nan sai mahaɗai. Tiyo biyun da ke saukowa daga gidan fanka na takarda da alminiyam ne, suna yagewa, suna zamewa daga bakinsu. Idan ɗaya ya cire, ba hita kaɗai ke asara ba, injin ma yana rasa iskar sanyaya shi. Bayan akwatunan akwai wasu tiyo masu lanƙwasa da ke haɗa su da bodi, su ma su tsage. Dogon bututun tsakiya an naɗe shi da rigar da ke riƙe zafi tun daga masana'anta, amma a yawancin motocin da suka kai shekarun taka rigar ta zube, bututun ya rage tsirara, iskar hanya tana dukansa. Kamar ɗebo ruwa ne da bokiti mai huji: komai cikar rijiyar, abin da ya iso gida kaɗan ne. Ka toshe hujin, ka sake naɗe bututun da abin riƙe zafi wanda ba ya shan ruwa kuma yana jure wuta, sannan ka zura waya ko ka hura iska a ciki, domin ɓeraye suna son yin sheƙa a wurin idan mota ta daɗe a ajiye.

Akwai kuma tamostat da ke ƙarƙashin injin da ƴan ƙofofinsa a cikin gidan fanka, waɗanda ake yawan cirewa wai don kada inji ya yi zafi. Aikinsu shi ne su taƙaita iskar da ke bin silinda har sai injin ya ɗumama. Mayar da su yana sa ɗumi ya zo da wuri, kuma ya fi wa injin kansa alheri.

Sauran aikin a gaban mota yake. Iskar waje tana shigowa Kombi ta tagar da ke ƙarƙashin gilashin gaba, kuma robar ƙofofin da ke rufe ta tana bushewa, sai iska mai sanyi ta riƙa kwararowa daidai gwiwarka tana kashe ɗan ɗumin da ya iso. Ka sauya wannan robar da ta ƙofofin shiga motar, ka toshe ramukan da ke kewayen fedoji. Labule mai kauri a bayan kujerun gaba dabara ce mai sauƙi da nake yabawa, domin ɗumama mazaunin mutum biyu ya fi ɗumama motar duka sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai bayan duk wannan ne ƙarin fankar lantarki a cikin bututu zai yi ma'ana. Volkswagen ma ta sa irinta a ɗakin injin motocin da suka zo da manyan injuna daga 1972, don iska ta riƙa tafiya ko inji yana silo. Idan za ka sa, ka nisanta ta da akwatunan zafi, domin ta roba narkewa take yi.

Hitar lantarki ta soket ɗin sigari kuwa lissafi ne ya kayar da ita. Mai wat 150 tana jan amfiya 12.5 a kan volt 12, alhali janaretan irin motarka amfiya 30 zuwa 38 yake bayarwa gaba ɗaya, ga fitilu, ga waifa. Abin da za ta iya shi ne ta share tafin hannu guda a gilashi. Don samun wat 2000 da motar ke buƙata sai an ja amfiya fiye da 160.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mu namu tsarin yana aiki a kan hanya, matsalar dare ce idan mun tsaya za mu kwana da yara. Maigidana yana so ya bar inji a kunne, ni kuma na ce mu kunna murhun gas ɗin girki. Wanne ya fi?

Amsa: Malama, ku bar duka biyun. Injin da ke silo ba ya ba da zafin kirki, ga hayaƙi yana taruwa a ƙarƙashin motar da ke tsaye yana neman hanyar shiga. Murhun gas a rufaffiyar mota kuma yana cinye iskar shaƙa, yana iya fitar da kabon monoksaid, sannan kowane kilo na gas da ya ƙone yana sakin ruwa kusan kilo 1.6 a matsayin tururi, wanda zai jiƙa bargo ya kuma ciyar da tsatsa.

Abin da ya dace da kwana shi ne hita mai zaman kanta, wadda ke ɗebo iskar ƙonewa daga waje ta kuma fitar da hayaƙinta waje, ba tare da ya haɗu da iskar ɗaki ba. Wannan ba sabon abu ba ne a Kombi: tun a zamaninta ana sa mata hitar fetur ta Eberspächer, irin BN4 da BA6, ga masu sayen mota a ƙasashe masu tsananin sanyi. Idan kun tarar da tsohuwar irinta a motarku, kada ku kunna ta sai ƙwararre ya duba tukunyar ƙonewarta da tiyon fetur ɗinta da na'urar da ke kashe ta idan zafi ya yi yawa.

Na zamani iri uku ne: mai dizal, mai fetur da mai gas, daga kamfanoni irin su Webasto, Eberspächer da Propex. Mai kilowat 2 ta ishi Kombi. Mutane suna ruɗuwa su sayi mai kilowat 5, sai ta riƙa aiki a ƙaramin mataki koyaushe, baƙin hayaƙi ya toshe ta. Mai dizal tana buƙatar tankinta daban tunda motarku fetur take sha, mai fetur kuma daga tankin mota za ta sha, amma haɗin nata yana son hannun wanda ya iya. Mai kilowat 2 ba ta shan fiye da rubu'in lita ko ɗan abin da ya ɗara haka a awa ko a matakinta na sama, sai dai tana jan amfiya kusan 10 a mintocin tayarwa kafin ta sauko zuwa 1 ko 2, don haka a ba ta batir na biyu, kada gari ya waye mota ta ƙi tashi. Bakin hayaƙinta ya fito gefen da babu ƙofar zamiya, nesa da tagar da kuke buɗewa, kuma na'urar gano kabon monoksaid ta kasance kusa da inda yaran ke kwana.