Amsa ga Kawu: dalilin wanke kayan su kafin gasar kamun kifi a Niyu Zilan

Assalamu alaikum, Kawu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, na samu tambayarka a kan hoton da na aiko, wanda jikanka yake durƙushe yana goge cikin kwale-kwale da burushi alhali ko bakin ruwa ba mu kai ba. Ka ce a iya saninka ruwa ne yake wanke jirgi, kuma duk zuwan da ka yi bikin Argungu ba ka taɓa ganin an duba homar wani ko gorarsa kafin a auka Matan Fada ba. Tambayarka tana kan hanya, domin ni ma a shekarun farko na zamana a nan tsirfa na ɗauki wannan aiki.

Kifin da ake gasar a kansa sunansa tirawut, mai son ruwan sanyi, mai ɗigo-ɗigo a jiki, kuma shi kansa baƙo ne a ƙasar, domin an kawo iri ɗaya daga Tasmaniya a 1867, aka kawo na biyu daga Kalifoniya a 1883. Doka ta hana saye da sayar da shi, saboda haka mai son ci sai dai ya yanki lasisi ya kama da fatsa, ko kuwa a ba shi kyauta. Shi ya sa a tsakaninmu, 'yan tsirarun Hausawan da muke Hamilton da kewaye, duk wanda ya dawo daga tafkin Taupo da kifi, bandar kifin ake yi a rarraba gida-gida. Gasar kuma ba irin ta Argungu ba ce da dubban mutane za su faɗa ruwa a lokaci ɗaya. Ana yin kwana biyu ko uku kowa yana tasa fatsar, da yamma a ɗora abin da aka samu a kan sikeli, a wasu wuraren ma tsawon kifin kawai ake aunawa, a ɗauki hotonsa, a mayar da shi ruwa da ransa.

Haɗarin yana cikin taron ne. Ɗan Argungu yakan shiga ruwan da ya gada da kayan da suka saba da shi, amma a nan mutum zai yi su a wani kogi ranar Alhamis, ya ɗaura kwale-kwalensa a bayan mota, ya yi tafiyar kilomita 300, ya saka shi a wani tafki ranar Asabar da sauran danshi a jikinsa. Idan mutum ɗari suka yi haka daga wurare dabam-dabam, to kowane ruwa ya aiko da abin da ke cikinsa ke nan.

Mutanen ƙasar nan sun ɗanɗana kuɗarsu a 2004, lokacin da aka gano wata gansakuka mai suna didimo a kogin Waiau da ke can ƙarshen tsibirin kudu. Takan lulluɓe duwatsun ƙasan kogi kamar jiƙaƙƙiyar auduga mai ƙasa-ƙasa, ta jirkita rayuwar ƙananan ƙwarin da kifi yake ci, ta maƙale a ƙugiya. Ƙwayarta ba ta ganuwa da ido, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɗauke ta, kuma har yau babu maganin da ya raba kogi da ita bayan ta shiga. A 2008 aka hana masu fatsa sanya takalmin shiga ruwa mai tafin ulu, saboda yakan daɗe yana riƙe da danshi. Daga nan kalmomi uku suka zama karatun kowa: duba, wanke, busar. A cire duk ciyawa da laka a bar su a inda aka same su, a jiƙa kaya a ruwan zafi ko ruwan bilic, ko a saka su a firiza har su daskare, sannan idan sun bushe sarai a ƙara musu awa 48 kafin su taɓa wani ruwa. Wanda ya yaɗa irin wannan annoba da gangan yana iya fuskantar ɗaurin shekara 5 ko tarar dala 100,000 ta ƙasar. Yau fiye da shekara ashirin ke nan didimo ba ta kafu a tsibirin arewa inda muke ba.

Ni kaina an taɓa mayar da ni. Na je rajistar wata gasa da asuba, wata dattijuwa 'yar sa-kai ta karɓi dogon takalmina, ta kifa shi, ta danna babban yatsanta a cikin ɗinkin diddige, sai ga yatsan ya fito da laima. Ta tambaye ni ruwan da na shiga na ƙarshe, na faɗa mata gaskiya, ta ce sai an jiƙa shi a maganin wanki tukuna. Na rasa sassafe, lokacin da kifi ya fi cin ƙugiya, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Amma ita ce mai gaskiya.

Abin da ya ƙarasa gamsar da ni ya faru ne a ƙofar gidanmu. A watan Mayu na 2023 aka gano wata 'yar ƙumba mai ruwan gwal, 'yar asalin Asiya, a kogin Waikato kusa da tafkin Karapiro, kogin da garinmu yake shan ruwansa. Babbarta ba ta wuce santimita 2 zuwa 3 ba, ba ta buƙatar abokin barbara, kuma guda ɗaya tana iya zubar da 'ya'ya 400 a rana. Na tsaya a gaɓar na ga ɓawonta a warwatse cikin yashi kamar an zubar da gyaɗa. Takan toshe bututun ruwan sha da na noman rani da na madatsun lantarki, ta cinye abincin halittun da ta tarar. A watan Oktoba na shekarar, daidai buɗe kakar kamun tirawut, aka rufe tafkin Okataina na kusa da Rotorua bisa roƙon Maori, 'yan asalin ƙasar, masu wurin, aka buɗe daga baya da sharaɗin sai an wanke kowane jirgi a wurin da aka keɓe. Masu fatsa da yawa sun yi gunaguni, ni kam ban ga laifin rufewar ba.

Kawu, kai ka fi ni sanin yadda kacalla ta cinye hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru, har masunta suka rasa inda za su jefa taru, manoma suka rasa fadamunsu. Musabbabin ya bambanta, domin a can sauyin gudun ruwa bayan gina madatsun Tiga da Calawa ne ya ba ta wurin zama, amma wahalar cire abin da ya riga ya kafu ɗaya ce. Duk lokacin da na ga ɓawon nan a yashi, can hankalina yake komawa.

Akwai wata gaskiya da ba zan ɓoye maka ba. Shi kansa tirawut ya rage ƙananan kifayen asalin ƙasar a koguna da yawa, kuma wani maƙwabcina Bamaori yakan tuna mini da haka duk sanda na yi zancen baƙin halittu. Ina ganin hujjarsa tana da ƙarfi, kuma ita ce ta sa na ƙara tsanantawa, tun da ruwan ya riga ya ɗauki baƙo ɗaya da ba zai fita ba.

A gidana yanzu kayan su kashi biyu ne. Na kogin Waikato ba sa zuwa wani ruwa ko kaɗan, na tafkuna kuma suna rataye daban a gareji. Aikin da ka ga jikanka yana yi a hoton na daren Laraba ne, gasar kuwa sai ranar Asabar, domin kwale-kwalen ya samu cikakkun kwanakinsa biyu a bushe.