Tambaya da Amsa: Manhaja Ta Tsaya Bayan An Ƙara Gurbi a Fayil

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a wani kamfanin dillancin kayan masarufi a Jidda, inda muke amfani da kwamfutar IBM i, wadda tsofaffin ma'aikata suke kira AS/400. Mun ƙara gurbin lambar harajin VAT a fayil ɗin abokan ciniki, washegari sai manhajar fitar da rasit ta tsaya da saƙon CPF4131. Wani abokin aikina ya ce mu sanya LVLCHK(*NO), wato mu kashe binciken da ke jawo wannan saƙon, mu huta. Shin in bi shawararsa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce kada ka bi, domin wannan saƙon kariya ce gare ku.

A kan wannan na'ura, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1988, duk lokacin da aka harhaɗa manhajar da aka rubuta da harshen kwamfuta na RPG ko COBOL, wato aka mayar da rubutunta zuwa sigar da na'ura ke aiki da ita, takan kwafi tsarin fayil ɗin da za ta yi aiki da shi, wato sunayen gurabe da tsawonsu da nau'insu da yadda aka jera su, ta kuma adana wata lambar shaida da aka lissafo daga wannan tsarin. Idan ta zo buɗe fayil, sai a gwada lambar da take riƙe da ita da wadda ke jikin fayil ɗin. Da kuka ƙara gurbi, lambar fayil ta canja, ta manhaja kuwa tana nan yadda take, shi ya sa aka ƙi buɗewa.

Idan aka kashe wannan binciken, manhaja za ta ci gaba da karatu da tsohon ma'auni. A ce sabon gurbin mai lambobi 15 ya shiga tsakiya, to duk abin da ke bayansa ya gusa, ta yadda manhaja za ta iya ɗaukar wutsiyar lambar haraji a matsayin bashin da ake bin abokin ciniki. Wani lokaci takan tsaya da kuskuren lissafi, wanda shi ne mai sauƙi. Wani lokaci kuma ta buga rasit ɗin ba tare da wani ya lura ba. A ƙasar da harajin ya kai kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce.

Gyaran na gaskiya shi ne bin tsari. Umarnin DSPDBR zai nuna maka fayilolin da suke jingine da fayil na asali, DSPPGMREF kuma zai nuna fayilolin da kowace manhaja take amfani da su. Ka sa DSPPGMREF ya zuba sakamakonsa a fayil guda don ka tace waɗanda abin ya shafa. Daga nan a sake harhaɗa su bi da bi: a fara da fayil na asali, sai masu jingina da shi, sai fayilolin allo da na bugawa idan sun aro gurabe daga gare shi, manhajoji kuma su zo a ƙarshe. Kafin a taɓa komai a ajiye kwafin bayanan.

Akwai wurin da ƙwararru ma suke tuntuɓe, wato jerin laburare, ma'ajiyoyin da na'ura take bi ɗaya bayan ɗaya tana neman fayil. Na'ura takan ɗauki fayil na farko da ta tarar mai wannan suna, saboda haka idan tsohon kwafi yana zaune a laburaren gwaji da ke sama a jerin, za ka sake harhaɗa manhajar lafiya lau, amma CPF4131 ya dawo. Ka duba jerin da DSPLIBL tukuna, bayan harhaɗawa kuma ka gwada lambar da DSPFD ya nuna da wadda DSPPGMREF ya nuna, ka tabbatar sun zo ɗaya. Aikin ya fi dacewa da daren Juma'a, lokacin da babu mai riƙe da fayil ɗin.