Filin Tambaya da Amsa: Idli, Karin Kumallon Kudancin Indiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan ganin wani farin abinci mai laushi da Indiyawa ke karyawa da shi, wai shi idli. Da me ake yin sa, kuma yaya ake haɗa ƙullun? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Idli abincin safe ne na Kudancin Indiya, musamman jihohin Tamil Nadu da Karnataka da Kerala da Andhra Pradesh. Ƙullunsa ya ɗan yi kama da na waina, sai dai ba a sa masa yis, kuma turara shi ake yi, ba a toyawa.

Kayan haɗi huɗu ne: kofi 4 na shinkafa mai gajeren tsaba wadda aka turara da ɓawonta kafin a casa ta, kofi 1 na urad, ƙaramin cokali 1 na hulba, da gishiri kamar ƙaramin cokali 2. Urad wani ƙaramin wake ne mai baƙin ɓawo da farin ciki, kuma wanda aka cire wa ɓawo ake so.

Ki wanke shinkafar ki jiƙa ta daban, urad da hulba su ma a nasu kwanon, na awa 4 zuwa 6. Urad ake fara markaɗawa, kuma a nan aikin yake. Kada ki juye ruwan gaba ɗaya. Ki riƙa yayyafa ruwa mai sanyi kaɗan-kaɗan, wajen kofi ɗaya zuwa ɗaya da rabi duka-duka, har ƙullun ya yi fari, ya yi sulɓi, ya cika da iska. A gidajen Kudancin Indiya injin niƙa mai duwatsu ake amfani da shi, yana cin minti 20 zuwa 30 a kan waken kaɗai. Gwajinsa ba wuya: ki ɗiga kaɗan a kofin ruwa, in ya taso sama ya yi, in ya nutse da saura.

Ita shinkafa ba a so ta yi luƙui. Ki bar ta da ɗan tsaki-tsaki wanda za ki ji a tsakanin yatsu. Sai ki haɗa biyun da gishiri, ki cuɗa da hannu mai tsabta na minti biyu ko uku. Kaurin da ake nema shi ne wanda zai zubo daga ludayi a hankali ba tare da ya tsinke ba. Ki zuba a mazubin da ƙullun bai wuce rabinsa ba, domin zai kusan ninkawa, ki rufe ba ƙam ba, ki ajiye a wuri mai ɗumi na awa 8 zuwa 12.

Da safe ki juya shi sau ɗaya ko biyu a hankali. Farantin turara idli yawanci yana da gurabe huɗu, kuma jera farantan ake yi hawa-hawa a cikin tukunya. Ki shafa wa guraben mai, ki zuba ƙullu kada ya cika, ki bari ruwan tukunyar ya tafasa kafin ki sa su. Minti 10 zuwa 12 ya isa. In tukunyar matsin tururi ce, ki cire nauyin da ke kan murfin. Bayan kin sauke ki dakata minti uku, sannan ki ciro da jiƙaƙƙen cokali.

Tambaya: Na gwada, amma ƙullun bai tashi ba, abin ya fito da tauri. Ina matsalar? Ko in sa yis ne? (Daga wata uwargida)

Amsa: Hajiya, a bar yis tukuna. Abin da ke tayar da ƙullun idli ƙwayoyin halitta ne da ke jikin waken tun asali, babbarsu ita ce Leuconostoc mesenteroides. Su ke samar da iska da ɗan tsamin nan, yauƙin urad kuma shi ke riƙe iskar kada ta tsere. Yis zai kumbura ƙullun, amma ƙamshin burodi zai kawo.

Abu na farko da za a duba shi ne ɗumi. Ƙwayoyin nan sun fi aiki tsakanin digiri 25 zuwa 32 a ma'aunin Selshiyos. In ana sanyi, a sa mazubin cikin obin a kunna fitilarsa kawai, a ƙara masa lokaci ko da awa 15 ne, kuma a jinkirta gishiri sai ya tashi, don gishiri yana rage musu hanzari. Na biyu, blanda. Tana ɗaukar zafi da wuri, ƙullun da ya yi zafi wajen markaɗe kuwa ba ya riƙe iska. A yi amfani da ruwan ƙanƙara, a riƙa hutar da ita. Mai blanda gara ta koma shinkafa kofi 3 ga urad kofi 1, ta ƙara rabin kofi na poha, wato shinkafar da aka danne ta yi fale-fale, wadda aka jiƙa na minti 20. Na uku, tsufan waken: urad da ya daɗe a ajiye ba ya kumfa komai niƙan da aka yi masa.

Shi kansa idlin yana faɗa miki laifinsa. In ya yi tauri, ko ƙullun ya yi kauri da yawa, ko urad ya yi kaɗan, ko an wuce lokacin turarawa. In ya baje bai tasa ba, ruwa ya yi yawa ko urad ɗin ne ya wuce kima. In yana danƙo a tsakiya, bai nuna ba, ko an yi gaggawar ciro shi. Ɗaci da launin rawaya kuwa aikin hulba ne in an cika hannu. Sai kuma yawan juyawa bayan ya tashi, wanda ke fitar da iskar da aka kwana ana tarawa.

Tambaya: Zan iya sa wani wake a madadin urad? (Daga wani mai karatu)

Amsa: Malam, za ka samu abin ci, amma ba idli ba, domin yauƙin urad ne ginshiƙin laushin. In tsimawar ce ba ka da lokacinta, akwai rava idli na Karnataka, wanda ake yi da tsakin alkama da yogot da ɗan soda, a turara nan take.

Tambaya: Da me ake cin sa, kuma kwana nawa ƙullun ke yi? (Daga wata ɗaliba)

Amsa: 'Yar'uwa, idli ba shi da ƙarfin ɗanɗano, don haka mahaɗinsa ne ke ɗauke da yaji. Akwai sambar, romon wake da tsamiya da kayan lambu. Akwai markaɗen kwakwa da ɗanyen barkono. A Tamil Nadu kuma akwai podi, garin soyayyen wake da busasshen barkono da ake kwaɓawa da man riɗi.

Da ƙullun ya tashi a sa shi a firji, zai yi kwana uku zuwa huɗu. Ranar farko da ta biyu ne na idli. Daga nan tsami ya ƙaru, iska ta ragu, sai a sassauta shi da ruwa a shimfiɗa shi siriri a kasko mai zafi, ya zama dosa.